"Netwok Ɗinku Ne, Malam"

Duk wanda ya taɓa zama da mu 'yan sashen kimiyyar kwamfuta ya san muna da wata magana da muke fakewa da ita idan abu ya ƙi: "Ai yana aiki a wajena." Ƙanwarta kuma ita ce "netwok ne". Ni ma na sha faɗinsu ba kunya ba tsoron Allah, har sai da SIWES ta kai ni inda maganganun nan biyu suka kusa raba wani bawan Allah da kwangilarsa, suka kuma cinye wa iyayen yara kuɗinsu. Tunda ƙannenmu 'yan ND 1 sun kusa fita tasu, na ga ya dace in ba da labarin, ko wani ya tsallake ramin da na faɗa.

Kamfanin da na yi wata huɗuna a ciki ƙarami ne, ɗaki biyu a saman wani bene. Mu uku ne: Oga, da wata Anti mai riƙe da kuɗi da takardu, sai ni. Babban abincin kamfanin shi ne fotal ɗin duba sakamakon jarrabawa na makarantun kuɗi. Uba ko uwa za su sayi kati a makaranta, su kankare, su saka lambar ɗalibi da lambar katin, sai sakamakon yaro ya fito a waya. Kowane kati sau biyar ake amfani da shi, daga nan ya mutu. Ku riƙe wannan sau biyar ɗin, za mu dawo kansa.

Da can saba ɗaya ce tal, mai ɗauke da Apache da PHP da MySQL, tana ƙarƙashin teburin Oga tana huci, mutane na shigowa wajenta kai tsaye daga intanet. Da makarantu suka ƙaru sai Oga ya ce a sa wata na'ura mai Nginx a gabanta. Ita za ta riƙa karɓar baƙi, ta riƙe takardar shaidar tsaro ta Let's Encrypt don ɗan kwaɗon nan ya fito a burauza, sannan ta miƙa buƙatar kowa ga sabar ciki. Irin wannan na'ura ita ake kira furoksi. Ga waɗanda ba 'yan sashenmu ba, ku ɗauke ta kamar yaron da ke zaune a zaure. Baƙo ya yi sallama, ba zai wuce cikin gida ba. Yaron ne zai kai saƙo ciki, ya dawo da amsa. Baƙo zauren kawai ya sani, bai san ɗakunan gidan ba, kuma ba a so ya sani.

Ni Oga ya ba aikin haɗa zauren nan. Daɗi kamar ya kashe ni. Na samo wani tsohon misali na saitin Nginx, na kwafe shi sukutum, na canza adireshi kawai zuwa na sabarmu ta ciki, wato 192.168.10.20 a ƙofa ta 8080. Akwai layukan da ban gane ba, cikinsu har da wani mai cewa proxy_redirect off, amma na bar su, a raina ina cewa wanda ya rubuta ai ya fi ni sani. Na gwada a laftof ɗina, shafi ya buɗe, kwaɗo ya fito. Oga ya leƙa, ya dafa kafaɗata ya ce, "Injiniya ke nan!" Ranar Laraba aka yi masa rasuwa, ya tafi ƙauyensu inda sai an hau tudu ake samun sabis. Ranar Alhamis da safe babbar makarantar da muke yi wa aiki ta saki sakamakon zango.

Kafin ƙarfe goma wayar ofis ta fara ruri. Duk wanda ya kira magana ɗaya ce: shafin farko yana buɗewa lafiya lau, a saka lambobi, a danna, sai abu ya yi ta juyawa yana juyawa, can a ƙarshe ya fito da wani farin shafi mai rubutu ERR_CONNECTION_TIMED_OUT. Na ɗauki katin gwaji na saka a laftof ɗina. Karo na farko ya dawo da ni wajen saka lamba, na ce ƙila hannuna ne ya kuskure, na sake sakawa, sai ga sakamako tar. Na juya na ce wa Anti, "Ki ce musu netwok ɗinsu ne, su sake gwadawa anjima." Haka ta yini tana faɗa wa mutane. Su kuma suka yi ta sake gwadawa.

Da yamma, da kiran ya ƙi ƙarewa, sai jikina ya fara ba ni cewa akwai wani abu. Amma maimakon in duba, sai na yi canke. Na ce tunda matsalar ta ƙarewar lokaci ce, to lokaci za a ƙara. Na san Nginx na jiran sabar ciki daƙiƙa 60 kafin ya haƙura, don haka na buɗe saiti na mayar da proxy_read_timeout 300. Shiru. Na mayar da shi 600. Na shiga PHP na ɗaga max_execution_time daga 30 zuwa 300. Na kashe saba na kunna. Na kashe ruta na kunna. Har fanka na jawo na saita wa sabar, wai ko zafi ne ya yi mata yawa. Na tashi aiki ranar ina gaya wa kaina na yi iya ƙoƙarina.

Abin da ban tsaya na yi tunani a kai ba shi ne, ƙarewar lokaci iri-iri ce. Idan yaron zaure ne ya shiga ciki ya jira amsa har ya gaji, zai fito ya gaya wa baƙo, kuma wannan amsar tana da lamba, 504. Idan ya tarar da ƙofar ciki a rufe, 502 zai kawo. Duka biyun amsa ce daga gidanmu. Abin da iyayen nan ke gani kuwa ba shi da lamba ko ɗaya, domin ba daga wajenmu ya fito ba. Burauzar wayarsu ce da kanta ke cewa ta buga wata ƙofa, ta jira, ba wanda ya amsa. Ko da na mayar da lokacin jiran Nginx shekara guda, ba abin da zai canza.

Ranar Juma'a da hantsi sai ga malamin da ke kula da jarrabawa a makarantar ya hawo benenmu, dattijo ne mai furfura, ya zo a kan babur cikin ranar nan. Ya zauna, ya ƙi shan ruwan da Anti ta kawo, ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Ɗana, ga shi ka gani da idonka." Ya saka lambobi a gabana, abu ya yi ta juyawa har ya mutu. Ni kuma, don in wanke kaina, sai na ce, "Malam, kawo in haɗa ka da wayifai ɗinmu." Na haɗa shi. Ya saka lamba, ya dawo da shi baya, ya sake sakawa, sakamako ya fito. Wallahi har murmushi na yi. Na ce, "Ka gani ko, Malam? Netwok ɗinku ne."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce, "To ɗana, yanzu in je in kwaso iyayen nan gaba ɗaya in hawo da su benenku su hau wayifai ɗinku ke nan?" Ban ce komai ba. Ya miƙe ya ce shugabar makaranta ta aiko shi da saƙo: idan Litinin ta yi abin bai gyaru ba, za su buga sakamako a takarda su raba, su mayar wa iyaye kuɗin kati, kuma zango mai zuwa za su nemi wani kamfani. Ya ce in gaya wa Oga yana yi masa ta'aziyya. Ya sauka.

Bayan an sauko daga masallaci na dawo na zauna na tasa laftof a gaba, ban san ma me zan taɓa ba. Anti tana lissafinta, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Ni fa ban san kwamfuta ba, amma akwai abin da ya ɗaure mini kai. In netwok ne, me ya sa shafin farko yake buɗe wa kowa? Netwok ɗin ya san shafi na biyu ne? Kuma mutanen nan ba layin kamfani ɗaya suke amfani da shi ba." Na buɗe baki zan ba ta amsa, sai na ga ba ni da ita. Kwana biyu ina gwada abin nan, amma ko sau ɗaya ban gwada shi daga inda iyayen suke tsaye ba. Kullum daga cikin gida nake gwadawa.

Na cire laftof daga wayifai ɗin ofis, na kunna datar wayata na haɗa shi da ita. A kan na'urar Nginx kuma na buɗe rajistar shiga da fita da umarnin tail -f, wanda ke nuna kowane layi da zarar an rubuta shi. Na buɗe shafin farko, layi ya fito da lamba 200, wato lafiya. Na saka lambobi na danna, wani layi ya fito nan take da lamba 302. Daga nan sai tsit. Burauza tana ta juyawa, amma babu wata buƙata da ta sake isowa gidanmu. Na duba rajistar kurakurai, fes take. Ashe sabarmu ba ta yi jinkiri ba ko kaɗan, cikin ƙiftawar ido ta ba da amsa. Amsar ce ta ɓatar da mutane.

Lamba 302 karkatarwa ce. Ma'anarta, "na ji buƙatarka, yanzu ka je wuri kaza." Shi wurin kuma ana rubuta shi a kan saƙon, a wani layi mai suna Location. Na ɗauko curl, ɗan shirin nan da Daniel Stenberg ɗan ƙasar Suwidin ya rubuta, wanda ke nuna maka saƙo tsirararsa ba tare da kwalliyar burauza ba. Na aika lambobin gwaji, na ce ya nuna mini kan saƙon. Ga abin da ya fito: Location: http://192.168.10.20:8080/sakamako.php. Na yi ta kallon layin nan kamar wanda aka kama da kayan sata.

Ga yadda abin ya faru. Manhajar Oga, idan ta tantance kati, tana haɗa adireshin shafi na gaba ne da sunan da aka kira ta da shi, wato abin da ke cikin layin Host. Lokacin da mutane ke zuwa kai tsaye, sunan fotal ɗin na gaskiya take gani, komai daidai. Nginx kuwa, idan ba ka ce masa komai ba, sunan da ka rubuta masa na sabar ciki shi yake sawa a layin Host. Don haka manhajar ta ɗauka sunanta 192.168.10.20, ta riƙa tura kowa can. Abin takaicin ma, Nginx da kansa yana iya gyara irin wannan adireshi kafin ya miƙa wa baƙo, kuma haka yake yi in an ƙyale shi. Layin nan da na kwafo ban gane ba, proxy_redirect off, shi ne ya ɗaure masa hannu.

Adireshin da ya fara da 192.168, da wanda ya fara da 10, da na tsakanin 172.16 zuwa 172.31, duk an keɓe su ne don amfanin cikin gida, ba sa tafiya a kan intanet. Kamar ka ce wa mutum "ɗakin Hajiya". Ɗan gida ya san inda yake. Baƙon da ke bakin titi kuwa, in ka ce masa ya je ɗakin Hajiya, sai dai ya yi ta yawo a gari har rana ta faɗi. Wayoyin iyayen nan saƙo suke ta aikawa wani wuri da ba hanyarsa, ba mai cewa shigo, ba mai cewa ba ya nan, har burauza ta gaji. Ni da ke kan wayifai ɗin ofis ɗan gida ne, shi ya sa nake isa. Saka lamba sau biyun nan da na yi ta ɗora wa hannuna ma alama ce: shaidar shiga da aka ba burauza ta sunan fotal ce, da aka jefa ta wani adireshi daban sai sabar ta ga ba ta san ta ba, ta ce a sake. Kuma lambobin nan suna nan ɓaro-ɓaro a saman burauzata tun ranar Alhamis, kwaɗon ma ya ɓace, amma saboda kullum da su nake aiki idona ya daina ganinsu. Suna nan a saman wayar Malam lokacin da ya miƙo mini ita.

Ina cikin wannan sai gabana ya faɗi. Idan saba tana ba da 302, ai ta riga ta tantance katin ke nan. Idan ta tantance, ta ƙirga. Na buɗe teburin katuna a MySQL hannuna na rawa. Kati bayan kati, an yi amfani da shi sau biyar, ya mutu, alhali mai shi ko sunan ɗansa bai gani ba. Duk "ku sake gwadawa anjima" da na sa Anti ta faɗa, kati take ci. Wasu ma, kamar yadda na ji daga baya, sun koma makaranta sun sayi na biyu.

Gyaran kansa layi uku ne. Na cire proxy_redirect off, na saka proxy_set_header Host $host don sabar ciki ta riƙa ganin sunan gaskiya, na ƙara layin X-Forwarded-Proto don ta san baƙo ta hanyar tsaro ya shigo. Na gwada saitin da nginx -t, na sake loda shi, na saka lamba daga datar wayata, sakamako ya fito a karo ɗaya. Da na tsaya nan da an wuce wurin. Amma rawar kai ta sa na lura adireshin da ake turawa har yanzu da http yake farawa, sai na shiga Apache na kafa doka cewa duk wanda bai zo ta https ba a karkatar da shi can. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Tsaron a zaure yake ƙarewa, tsakanin Nginx da Apache http ne zalla, kuma dokar tawa ba ta duba sabon layin da na saka ba. Don haka Apache ya ga kowa a matsayin mai laifi, ya tura shi https, ya dawo ta zaure, ya sake tura shi. Chrome yakan bi irin wannan sau 20 ya tsaya, sai ya rubuta ERR_TOO_MANY_REDIRECTS. Yanzu ko shafin farkon ma ya daina buɗewa.

Na goge dokar da sauri, amma burauzata ta ci gaba da kuka. Sai da na yi zufa kafin na tuna da lamba 301 na rubuta dokar, wadda ke nufin an ƙaura har abada, kuma burauza tana haddace ta. Na buɗe tagar sirri, komai ya dawo daidai. Daga ƙarshe na shiga manhajar na gyara tushen abin: maimakon ta haɗa cikakken adireshi, ta riƙa cewa /sakamako.php kawai. Burauza ta san gidan da take, ita za ta cike sauran.

Bayan isha'i na samu Oga a waya. Na shirya jawabi mai tsawo wanda zai raba laifin tsakanina da tsohon misalin da na kwafa, amma da na ji muryarsa, mutumin da ke zaman makoki, sai kawai na ce, "Oga, na yi ɓarna, ga abin da na yi, ga abin da na gyara, ga abin da ya rage." Ya yi shiru, sannan ya tambaye ni ko na taɓa teburin katuna. Na ce a'a. Ya ce madalla, in fara ajiye kwafin rumbun bayanan gaba ɗaya, sannan in mayar da ƙirgen duk katin da aka yi amfani da shi daga safiyar Alhamis zuwa sifili, in kuma fitar da jerin ɗaliban da aka saya wa kati biyu don a mayar wa iyayensu kuɗi daga aljihun kamfani. Ya ƙara da cewa, "Gobe da safe kai za ka je makarantar da ƙafarka. Ba ni zan kira su ba."

Na je. Na samu Malam a ofishinsa, na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Malam, ba netwok ɗinku ba ne. Laifina ne, kuma na gaya maka abin da ban tabbatar ba." Ya sa na zauna, ya kira wata uwa a gabana ya ce ta gwada daga gida. Muna zaune ta kira ta ce ya fito, 'yarta ta zo ta uku. Ya ajiye waya ya ce, "Ɗana, kuskure ba ya ba ni haushi, ni ma jan biro nake riƙewa. Murmushin nan naka ne ya ba ni haushi." Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ni nawa tudun har da wayifai a kansa. Makarantar ba ta janye kwangilar ba, amma na san ba don ni ba ne, don mutuncin Oga ne.

'Yan'uwana masu shirin fita, ba zan cika ku da wa'azi ba. In an ce muku abu ba ya aiki, ku fara tambayar me mutum ya gani a allonsa, harafi da harafi, har da adireshin da ke sama. Ku gwada daga inda yake, da irin layin da yake kai. Ku buɗe rajista kafin ku taɓa saiti, kuma ku canza abu ɗaya a lokaci ɗaya. Layin da ba ku san aikinsa ba kada ku bar shi a saitinku don kawai wani ya rubuta shi. In kuma ba ku sani ba, "ban sani ba tukuna, ina dubawa, a dakata da gwadawa" magana ce da ba ta cin katin kowa.

A logbuk ɗina na wannan makon na so in rubuta "gyaran saba" kawai in wuce. Oga ya dawo ya karanta, ya miƙo mini ya ce in rubuta abin da ya faru tun daga layin da na kwafa har zuwa katunan, in ba haka ba ba zai sa hannu ba. Sai da na ƙara da wata takarda na liƙa. Malamin da ya zo duba mu daga makaranta ya tsaya a shafin nan ya karanta har ƙarshe, ya tambaye ni bambancin 301 da 302, na ba shi amsa ba tare da na duba komai ba. Har yau, kafin in ce wa kowa abu yana aiki, sai na kashe wayifai na kunna data tukuna. Anti kuwa, duk ranar da na leƙa gaishe su, tun daga matakala take tarbata da "Injiniya, ya netwok?"